Masu Sa Rana Da Masu Tanadin Mai

Maganarmu ta wannan wata ta fi shafar 'yan'uwa masu bi da ke sujada da Hausa a zangunan ƙasar nan, amma maƙwabtanmu Musulmi ba baƙinta ba ne, tun da su ma sun gaskata Annabi Isa zai dawo.

Disamba ta ƙarato. Daren 31 ga wata majami'un Ghana za su cika maƙil, har da waɗanda rabonsu da sujada tun bara. A daren nan ne kasuwar masu annabci take ci. Abin ya kai ga a Disamba 2021 'yan sanda suka ja kunne cewa duk wanda ya yi annabcin da zai firgita jama'a zai gamu da hukuma. Mu dai kunya ta kama mu, a ce sai ɗan sanda ne zai tsawata wa Ikkilisiya, alhali Matiyu sura 24 ta riga ta faɗa mana sanin ranar na Uba ne shi kaɗai.

Sa rana tsohuwar cuta ce. A Amurka mabiyan wani manomi mai wa'azi, William Miller, sun tsayar da 22 ga Oktoba 1844, wasu har suka bar amfanin gona ba girbi. Gari ya waye, kowa ya koma gida. A Koriya ta Kudu an sa 28 ga Oktoba 1992, sai ga shi an sami shugaban nasu da takardun jari waɗanda ba za su nuna ba sai 1993! Na Kanungu ta ƙasar Uganda ba abin dariya ba ne: a Maris 2000, bayan ranar da aka sa ta wuce, ɗaruruwan mutane suka ƙone cikin majami'a.

Lokacin da Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, wani uba ya ce mana ba zai ƙara saya wa ɗansa littafi ba, wai me boko zai tsinana. Yaron ya yi asarar zangon karatu guda, da kyar muka maido shi aji.

To, yaya Ikkilisiya za ta koya wa mutanenta zaman tsaro? Mu fara da karanta sura 24 tare da 25, a daina yanke su. Cikin misalin 'yan mata goma, duka goman barci ya ɗauke su, masu hankali da marasa hankali. Bambancin kawai, biyar sun zo da mai a ajiye. Duk wanda ya sha ɗaukewar wuta a 2015 ya san da rana ake sayen kananzir. Daga nan surar ta wuce kan bayin da aka ba jari su juya, sannan kan mayunwaci, baƙo, majinyaci da ɗan kurkuku. Manzo Bulus ma da ya ji wasu a Tasalonika sun bar sana'a suna yawon gulma, cewa ya yi su koma bakin aiki.

Saboda haka dattawa su san gidan kowane mai bi, su san wanda ke kwance a asibiti. Zumuntar Mata sun riga mu a wannan, a yaba musu. Ranar Jibin Ubangiji, wanda ake ci har ya dawo, kada a bar masu gaba su zo teburi ba a sulhunta su ba.

Sai karatu. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, amma yaranmu Turanci suke karantawa, tsofaffinmu kuwa suna jin Hausa ba su iya karanta ta ba. Wanda ba ya iya buɗe Littafi da kansa, duk abin da baƙon mai wa'azi ya faɗa sai ya ce amin. Rabin awa bayan sujadar Lahadi ya isa a fara aji, allo da alli kuwa mu malamai za mu kawo.

Kafin daren 31, muna roƙon fastoci su tambayi duk wanda za a ba bagadi wace aya zai karanta. In ya ce yana da rana a aljihu, a ba shi kujera ya zauna.