Sharhi: Yamai Ba Za Ta Ci Gaba Da Rataya A Layin Wuta Ɗaya Ba

Duk wanda ya kwana a unguwar Bobiel cikin watan Afrilu ko Mayu ya san abin da ɗauke wuta ke nufi. Zafi ya haura digiri 40, fanka ta tsaya, mai sayar da ƙanƙara ya yi asara, tela da mai walda sun zauna zaman jira, ɗalibi kuma ya koma karatu da hasken waya. Mutane kan ɗora laifin a kan taransifomar unguwa, amma tushen matsalar yana can nesa da Bobiel.

Shekara da shekaru har zuwa 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, kuma ta Yamai tana bin layin Birnin Kebbi mai kilobolt 132. An ga hatsarin hakan ƙarara bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar a farkon watan Agusta bisa takunkumin CEDEAO. Sai a Fabrairun 2024 aka janye takunkumin. Ko babu siyasa ma, ita kanta Najeriya wutar ba ta ishe ta ba: babban layinta ya durƙushe sau da dama a 2024, kuma a watan Oktoba na shekarar jihohin arewa da yawa suka yi kwanaki cikin duhu.

Gaskiya ne an yi ƙoƙari a gida. Tashar Gorou Banda mai aiki da mai ta fara a 2017, an ƙara wata a Goudel, sannan ga tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 da aka ƙaddamar a 2023. Sai dai wutar mai tana da tsada, ita kuwa ta rana tana ƙarewa da faɗuwar rana, daidai lokacin da kowane gida ke kunna fanka da fitila. Birnin kuma faɗaɗa yake yi, unguwanni irin su Bobiel kullum sabbin gidaje ake ginawa.

Wasu na cewa a daina sayen wuta daga waje gaba ɗaya. Mu dai ba mu ga haka ba. Illar ba a sayen take ba, tana cikin dogaro da hanya guda ba tare da ajiyar da za ta ɗauki nauyi idan ta tsinke ba. Shi ya sa aikin layin kilobolt 330 na haɗakar wutar Afirka ta Yamma, wanda zai haɗa Birnin Kebbi da Yamai da Wagadugu da kuma Malanville a Benin, bai kamata ya zama abin ja-in-ja na siyasa ba. Haka ma madatsar ruwan Kandadji mai megawat 130, wadda aka aza harsashinta tun 2008 amma har yau ba ta kunna ko kwan fitila ɗaya ba. Aikin gawayin Salkadamna a jihar Tahoua shi ma ya daɗe a bakin mahukunta.

Kafin waɗannan su kammala, akwai abin da ba ya buƙatar bashi daga ko'ina. A riƙa fitar da jadawalin ɗauke wuta unguwa-unguwa, a kuma cika shi, domin mai sana'a ya tsara aikinsa. A bayyana wa jama'a megawat nawa birnin ke buƙata a lokacin zafi, nawa ake da shi a hannu. A kammala gyaran injuna cikin hunturu. A ware asibitoci da tashoshin tura ruwa daga jerin waɗanda za a ɗauke wa.

'Yan uwanmu da ke ƙetare suna ta aiko da kuɗin sola da batir, kuma hakan ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma mai shagon da ba shi da ɗa a waje fa? Shi ne ya kamata mahukunta su tuna da shi tun kafin zafi mai zuwa ya kama.