Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Riƙe da Rajista a Gidajen Gyaran Hali

Zuwa ga jami'an ofishin rajista da masu kula da fayil-fayil a gidajen gyaran hali na Najeriya,



Tambaya ɗaya ce ta sa aka rubuta wannan wasiƙa: shekara nawa takarda za ta yi a hannun jami'in rajista kafin a rabu da ita, kuma wa ke da ikon cewa lokacinta ya yi? Duk gidan da bai rubuta amsar wannan tambaya ya manna a bango ba, gara da yoyon rufi da ƙarancin wuri ne za su amsa masa. Su kuwa waɗannan ba su san bambancin rasit ɗin man janareto da warantin da ake tsare ɗan Adam da shi ba.

Aikin yana farawa ne tun daga bakin ƙofa. Mota ta dawo daga kotu da yamma, an sauko da mutum, an miƙa wa jami'i takarda mai hatimin kotu da sa hannun alƙali. Jami'in ya buɗe babban littafi, ya ba mutumin lamba, ya rubuta sunansa da kotun da ta turo shi da laifin da ake tuhumarsa da shi, da rana da ƙarfe nawa ya shigo. Ya dubi jikinsa, in akwai kumburi a goshi ko shatin ankwa a wuyan hannu ya rubuta. Ya ƙirga abin da ke aljihunsa, waya da agogo da 'yan kuɗi, ya sa shi ya dangwala yatsa. Wannan aikin na minti goma shi ne abin da ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka amince da su a Disamban 2015 aka kuma sa musu sunan Nelson Mandela, suka zayyana a ƙa'ida ta 6 zuwa ta 10. Sun ce ko dai rumbun bayanai na kwamfuta, ko littafi mai shafuka masu lamba da sa hannu, kuma a samar da hanyar gane duk wanda ya taɓa abin da aka rubuta. Sun hana karɓar kowa ba tare da ingantaccen umarnin tsarewa ba. Sun kuma ba fursuna damar ganin bayanan da suka shafe shi, har ya karɓi kwafi ranar da aka sallame shi.

Daga wannan shafi ne duk wani lissafi ke tashi. Wanda aka yanke wa shekara 3, idan ya samu rangwamen kashi ɗaya cikin uku saboda kyawun hali, shekara 2 zai yi. Kuskuren wata ɗaya a ranar shiga yana nufin kwana 30 na rayuwar mutum a bayan ƙarfe ba bisa ƙa'ida ba, ko kuma sakin wanda lokacinsa bai yi ba. Lamarin masu jiran shari'a ya fi wannan tsanani, ga shi su ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan. Sashe na 111 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya wajabta wa shugaban hukumar gidajen gyaran hali ya riƙa aika wa manyan alƙalai da Antoni Janar jerin waɗanda suka haura kwana 180 suna jiran shari'a, duk bayan kwana 90. Wannan jeri daga teburin jami'in rajista yake fitowa. Mutumin da warantinsa ya ɓace ba zai shiga jerin daidai ba, kuma ranar da babban alƙalin jiha ya zo ziyarar rage cunkoso, babu takardar da za a ajiye masa a gaba.

Shawara ta farko ita ce a daina ƙirga shekarun fayil daga ranar da aka buɗe shi. Muddin mai shi yana ciki, fayil ɗinsa bai fara tsufa ba, ko da ya shekara 25 yana jiran zartar da hukuncin kisa. Ƙirge yana farawa ne daga ranar da wa'adin hukunci ya cika, ko aka sallami mutum, ko ya rasu. Wanda ya tsere kuwa, fayil ɗinsa a buɗe yake har sai an kamo shi.

Ta biyu, a raba takardu gida uku. Gida na farko shi ne na waɗanda ba a taɓawa har abada: littafin shiga da fita, rajistar waɗanda suka mutu a tsare da inda aka kai gawarsu, bayanan zartar da hukunci, rahoton tarzoma da fasa gidan yari, da duk wani ƙorafi na azabtarwa. Gida na biyu shi ne fayil ɗin kowane fursuna, da waranti da lissafin wa'adi da hoto da zanen yatsa da bayanan asibiti, wanda ya cancanci ajiya ta shekaru masu yawa bayan sallama. Na uku shi ne takardun gudanarwa na yau da gobe, irin su jadawalin gadi, rasit ɗin gari da itace, da takardun neman hutu. Waɗannan sukan gama amfaninsu bayan masu binciken kuɗi sun kammala, sai dai in akwai ƙara ko bincike da ya rataya a kansu. Littafin gadi na daren da wani ya mutu a ɗakinsa ya tashi daga gida na uku ya koma na farko.

Wanda ke ganin an wuce gona da iri ya dubi makwabciya Chadi. Hissène Habré ya mulki ƙasar daga 1982 zuwa 1990, kuma hukumar tsaronsa ta sirri tana da wuraren tsare mutane a Njamena. A 2001, masu bincike na ƙungiyar Human Rights Watch suka shiga tsohuwar hedikwatar hukumar, suka tarar da dubban takardu a warwatse a ƙasa cikin ƙura: jerin sunayen tsararru, rahotannin yau da kullum, takardun shaidar mutuwa. Da aka tantance su, sai aka samu sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare. Takardun na cikin manyan hujjojin da aka gabatar a kotu ta musamman a Dakar, wadda ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai a watan Mayun 2016, shekara kusan 26 bayan faɗuwarsa. A Kenya ma, fayil-fayil ɗin zamanin mulkin mallaka da gwamnatin Birtaniya ta amsa a 2011 cewa tana ɓoye da su sun ƙarfafa ƙarar tsofaffin da aka azabtar lokacin yaƙin Mau Mau, har aka biya mutum 5,228 diyya a 2013, jimilla fam miliyan 19.9 har da kuɗin shari'a.

A nan gida, ƙa'idojin shigar da ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun ce tsufan lokaci ba ya kashe irin wannan ƙara. Ke nan mutum na iya zuwa kotu bayan shekara 15 ya ce an riƙe shi fiye da wa'adinsa, ko iyalai su ce ɗansu da ƙafarsa ya shiga. A ranar, takardar da za ta ƙwato wa wanda aka zalunta haƙƙinsa ita ce kuma za ta wanke gandiroban da ya yi aikinsa da gaskiya, wanda ya rubuta tun a bakin ƙofa cewa da raunin aka kawo mutumin.

Sai dai tara komai ba tare da iyaka ba shi ma illa ne. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ce kada a riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da buƙatarsa ta wajabta. Mutumin da ya gama wa'adinsa, ya yi aure, ya buɗe shagon ɗinki, yana da haƙƙin kada sakamakon gwajin jininsa ya fita daga ɗakin ajiya. Kowa ya taɓa sayen ƙosai ko tsire a naɗe cikin takardar wani ofishi. Takardar gidan gyaran hali, da sunan mutum da laifinsa da adireshin mahaifiyarsa, ba ta cikin waɗanda ake sayarwa a kilo. In lokacinta ya yi, a ƙona ta ko a markaɗe ta a gaban shaidu, a kuma rubuta abin da aka lalata, da rana, da wanda ya ba da izini.

Izinin nan ba na jami'in rajista ba ne, ba kuma na shugaban gida shi kaɗai ba. Takardun gwamnati suna ƙarƙashin dokar Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa ta 1992, kuma ma'ajiyar na da manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. Tsohon littafin da gida ba ya buƙata amma tarihi ke buƙata, can ya kamata ya nufa. Haka Amurka ke yi: an rufe kurkukun Alcatraz tun 1963, amma fayil-fayil ɗin fursunoninsa na nan a ma'ajiyar tarihin ƙasar, masu bincike da jikoki na neman su.

Shawara ta ƙarshe ta shafi kwafi. A daren 5 ga Yulin 2022 aka fasa gidan gyaran hali na Kuje, sama da mutum 800 suka fice. A Satumban 2024, ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ta rusa katangar gidan da ke Maiduguri, fiye da mutum 270 suka ɓace. A duka biyun, hotuna da bayanan da aka riga aka adana ne suka ba hukumar damar sanar da jama'a waɗanda ake nema. Don haka kwali bai kamata ya kwana a kan siminti ba, kabad ya nisanci taga da bangon da ke tsatsafo, kuma duk bayani mai muhimmanci ya kasance da kwafi a hedikwatar jiha. Kwamfuta ma ba ta raba mutum da wannan nauyi, domin na'ura na lalacewa, manhaja na tsufa, kuma jami'in da aka yi wa canjin wurin aiki na iya tafiya da kalmar sirri a kansa.

Saboda haka duk jami'in da zai bar kujerarsa ya rubuta takardar miƙa aiki mai ɗauke da adadin littattafai, da shekarun da kowanne ya ƙunsa, da fayil-fayil ɗin da aka ara zuwa kotu ko asibiti ba a dawo da su ba. Mai karɓa ya ƙirga da hannunsa kafin ya sa hannu, a kuma aika kwafi ɗaya zuwa ofishin kwanturolan jiha.

Allah ya taimaka, ya ba da ikon riƙe amana.

Wassalam.