Filin Mata: A Gyara Ko A Mayar?

Wata malamar makarantar 'yammata ta aiko da tambaya. Ta yi tari ta sayi ukulele don koya wa yara waƙa, da ta kwance shi a gida sai ta tarar da aibi. Shin ta gyara, ko ta mayar?

Shi ukulele ɗan ƙaramin molo ne na katako, mai tsirkiya huɗu. Asalinsa tsibiran Hawai, inda mutanen Fotugal suka kai irinsa cikin 1879.

To, Malama, kada ki yarda kowa ya taɓa shi da gam. Muddin kafinta ya sa hannu, mai kanti ya sami hanyar cewa ɓarnar taki ce. Duba aibin tukuna. In tsirkiya ce ta tsinke, sai a ɗaura wata. In amon ne yake sauka, halin sabuwar tsirkiya ke nan, takan yi kwanaki tana miƙewa kafin ta zauna. Ƙarzuwar fenti kuwa ba ta ɓata amo, nemi ragi ki riƙe abinki.

Amma in wuyan ya karkace, ko cikin ya tsage, ko jakin da ke riƙe da tsirkiyoyi ya ɗago, ɗauki rasit ki mayar tun da wuri. Tsagar da kika rena da damina, hunturu zai buɗe ta, gama iskarsa tana busar da katako.

Kada kunya ta hana ki. Kuɗin sabo kika biya, sabo ya kamace ki. Yi magana da ladabi, amma ki tsaya a kan hakkinki. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.