Kwalejin Jinya Ba Ƙarshen Hanya Ba Ce

Da yawa daga cikinmu 'yan JSS 3 aikin jinya muke so. Amma da zarar an ce wata ta shiga kwalejin koyon jinya, sai ka ji ana cewa ai jami'a ce ba ta samu ba. Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba.

Wadda ta gama kwaleji, ta ci jarrabawar hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, ta zama nas mai rajista. Da wannan takarda za ta iya cike fom ɗin JAMB na shiga kai tsaye, ta fara jami'a daga aji biyu. Digirin jinya shekara 5 ne, ita 4 za ta yi. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello duk suna koyar da shi. Ga shi kuma ta riga ta iya allura da sa ƙarin ruwa. A Amurka ma da yawa sukan fara da ƙaramar kwaleji mai sauƙin kuɗi, sannan su wuce jami'a.

Abin da ke damun mu shi ne, ƙofofin nan biyu duk kiredit biyar suke nema: Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji. Wadda ta tafi ajin Art a SS 1 don kawai ƙawarta can take, ta rufe su duka ba ta sani ba.

Muna roƙon malamanmu su yi mana wannan bayani kafin jarrabawar BECE, ba sai an gama raba azuzuwa ba.