Ciwon Rabuwa Da Jirgi: Nasiha Ga Mai Sayarwa Da Mai Saye

Da sunan Allah muke farawa, wanda ya hore wa bayinsa ruwa da tudu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. 

Maganarmu yau a kan wani ciniki ne wanda kakanninmu na nan ba su saba da shi ba, watau cinikin jirgin ruwa. A da, mutumin Karaye ko na Rogo bai cika ganin babban jirgi ba sai in fatauci ya kai shi bakin Kwara, ko kuwa ya bi hanyar Hajji ta ƙasa har Sawakin, ya shiga jirgin nan mai ƙyalle wanda iska ke korawa zuwa Jidda. Da aka gama madatsar ruwa ta Calawa a shekarar 1992, sai ruwa ya zo har ƙofar gida. Ya ci gonaki, ya kuma kawo kifi, mutane da yawa suka kama sana'ar su, kwale-kwale ya zama dukiya kamar jaki ko sa. Yau fiye da shekara talatin ke nan. Samarin da suka fara tuƙi a wancan lokaci sun manyanta. Wani ƙarfi ya ƙare masa, wani auren 'ya ya taso masa, wani bashi ya matsa, ba makawa sai a sayar da jirgi.

Wanda bai sani ba sai ya ce, ai katako ne da ƙusa. Mai jirgi kuwa shi ya zaɓi katakon, ya zauna a kan kafinta har aka gama, ya like duk wata kafa da hannunsa. Ya san gefen da jirgin ke karkata in an loda taru, ya san daren da hadari ya ritsa da su tsakiyar ruwa Allah ya fitar da su tare. Daga karfasa da tarwaɗar da ya kwaso a cikinsa aka biya sadaki, aka sayi ragon suna, aka kai wa malam kuɗin Laraba. Falke ya tuna ran da ya sallama jakin da suka sha hanya tare. Malam ya tuna yadda zai ji in talauci ya sa shi fid da littafin da ya kwafa da alƙalaminsa daga gafaka ya kai kasuwa. To, haka mai jirgi ke ji.

Waɗansu suna ganin wannan baƙin ciki son duniya ne da ƙarancin tawakkali. Mu ba mu ga haka ba. Ku duba Suratul Kahfi, inda aka ba da labarin jirgin da Halliru ya huda. Masu shi an kira su miskinai, alhali kuwa suna da jirgi, domin shi ke nan abin da suka mallaka, kuma Allah ya tsare musu shi daga sarki mai ƙwace. Ku duba kuma hadisin Jabir ɗan Abdullahi a cikin Buhari da Muslim. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya taya raƙuminsa suna kan hanya. Jabir ya ƙi da fari, daga baya ya sallama, bisa sharaɗin zai hau shi har Madina. Da suka isa, sai aka ba shi kuɗinsa, aka kuma mayar masa da raƙuminsa. Ba a zarge shi a kan nauyin zuciyarsa ba. Saboda haka ƙaunar abin sana'a ba laifi ba ce. Laifi yana shigowa ne sa'ad da ƙauna ta sa hannu cikin ciniki, ta hanyoyi uku.

Ta farko ita ce tsawwala kuɗi. Mai jirgi yana so a biya shi shekarunsa da guminsa, kasuwa kuwa katako take dubawa. Kowa ya taya sai ya ce albarka, wata ya bi wata, jirgi yana kife a bakin ruwa. Masunta kuwa sun san jirgin katako ba ya son zama: rana ta busar da shi ya tsage, gara ta shiga ta ƙasa. Wanda ya ƙi sallamawa da daraja saboda ƙauna, ƙarshenta makamashi zai sayar. In da gaske kana son jirginka, ka sake shi tun yana iya ɗaukar mutum.

Ta biyu ta fi muni, watau ɓoye aibi. Mutum ba ya son a kushe abin da yake ƙauna, sai ya shafe ruɓaɓɓen katako da kwalta da fenti ya yi shiru. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana algus da ɓoye aibin kaya, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka rufe masa yana da ikon mayarwa. Amma fa aibin jirgi ba kamar na zane ba ne, gama wanda ya gano shi a tsakiyar ruwa ba lalle ne ya dawo ya kai ƙara ba. Ba mu manta da jirgin da ya kife a ruwan Bagwai a shekarar 2021 ba, inda rayuka da yawa suka salwanta, galibinsu ɗaliban Islamiyya. Wannan ya isa tunatarwa cewa duk abin da ya shafi jirgi, rai ya shafa. Ka kife jirginka a gaban mai saye da Sarkin Ruwa, ka nuna kowace lika da yatsanka, ka faɗi iyakar abin da yake ɗauka.

Ta uku ita ce nadama bayan an ƙulla. A mazhabar Imamu Malik, ciniki yana ƙulluwa da magana. In an ce na sallama, an ce na saya, ya tabbata ko ba a tashi daga wurin ba. Wanda ya san zuciyarsa tana rawa, sai ya sharɗanta zaɓi tun fari zuwa wani ɗan lokaci sananne. Muhtasar na Halil ya ambaci kamar wata ga gida, kamar kwana uku ga dabba, na jirgi kuwa sai a tambayi malamin gari. Wannan ya fi a koma ana rigima gaban alƙali.

Ku kuma masu saye da dillalai, akwai haƙƙi a kanku. Kada ku ga mutum cikin matsi ku yi ta kushe jirginsa a gabansa don ku karya shi. Dillali ya ci la'adarsa da gaskiya, ya faɗa wa mai jirgi ainihin abin da aka taya. In dattijo ya roƙi ya ƙara fita da shi kwana ɗaya ko biyu kafin ya miƙa, ku tuna da raƙumin Jabir. In kuwa ya dawo washegari da kuɗinku a hannu, idonsa ya yi ja, ya ce ya kasa, to shari'a ba ta tilasta muku ba, amma ta kwaɗaitar da iƙala, watau warware ciniki da yardar juna. An ruwaito cewa wanda ya yi wa Musulmi haka, Allah zai yafe masa nasa tuntuɓe. Jirgi ana samun wani, irin wannan lada kuwa ba kullum take zuwa ba.

Kai kuma mai sayarwa, in kana da zaɓi tsakanin mutum biyu, ka duba wanda zai kula da jirgin, ba zai yi masa lodin da ya wuce kima ba, ko da kuɗinsa ya gaza kaɗan. Ka karɓi kuɗinka, ka ce Allah ya sa albarka da zuciya ɗaya, ka biya bukatar da ta sa ka sayar. Arzikin da ka ci a ruwa daga Allah yake, jirgi sababi ne, kuma wanda ya ciyar da kai a ruwa yana da ikon ciyar da kai a tudu.

Allah ya sa albarka a cinikinmu, ya kiyaye masu shiga ruwa, ya sa mu cika da imani. Haza wassalam.