Tashar jirgin Maraɗi: a tuna da mai tafiya a ƙasa

Jirgin ƙasa bai taɓa taka Damargu ba, kuma babu wanda ya yi wa Gangara alkawarin layin dogo. Amma layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ya shafe mu, mu mutanen Damargu. Ranar da ya fara aiki, ɗan cin ranin da ya baro Gangara ko Belbeji zai iya shigarsa a Maraɗi, ya bi ta Jibiya, Katsina da Daura har Kano. Shi ya sa nake da ta cewa kan tashar.

A dubi wanda zai shige ta. Mace ce da goyo a baya, ƙullin kaya a ka, tana janye da yaro. Dattijo ne mai dogara sanda, za shi asibiti Kano. Ɗan kasuwa ne da buhunan wake. In sai sun hau doguwar matakala sun tsallaka gada kafin su kai bakin jirgi, an galabaitar da su tun ba a tashi ba. A yi musu gangare mai sauƙi da baro da keken guragu za su bi, dakali kuma ya zo daidai da ƙofar tarago, kada tsohuwa ta riƙa neman mai ɗaga ta.

Zafin bazara a Maraɗi yakan wuce digiri 40. Rumfa ta rufe dakalin daga wannan kai zuwa wancan, a sa famfo da wurin alwala, makewayin mata daban. Sanarwa a yi ta da Hausa ta lasifika, don allon Faransanci bai isar da saƙo ga yawancin mutanenmu.

Ga kuma nisa. Tashar Idu ta layin Abuja zuwa Kaduna, da aka buɗe a 2016, tana can bayan gari, sai fasinja ya ƙara kuɗin mota. Duk inda tashar Maraɗi ta zauna, a shimfiɗa mata hanyar masu tafiya a ƙasa mai fitilu, a ware wa 'yan kabu-kabu da masu amalanke filinsu.

Hukumomin Maraɗi, ku nemi zanen tashar, ku baje shi gaban 'yan dako, mata 'yan kasuwa da ƙungiyoyin nakasassu, ku ji ta bakinsu tun gyara yana yiwuwa.