Kuɗin Sallama Ba Gona Ba Ne: Matuƙan Jiragen Sama da Batun Haɗe Kamfanoni

Duk wanda ya tashi a ƙasar Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ya san nauyin kalmar "diyya" tun kafin ya san ma'anarta a ƙamus. Lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978, an karɓi gonaki da fadamu a kan alkawarin biyan kuɗi da sake raba filaye. Jinkirin biyan da rashin adalcin rabon su suka kai manoma ga tare hanyoyi, har aka yi kisan gillar watan Afrilu na 1980. Abin da dattawan yankin suka riƙe daga wannan waƙi'a shi ne kuɗin da aka danƙa wa mutum sau ɗaya ba ya maye gurbin abin da ke ciyar da shi kowace shekara. Da wannan ido nake kallon maganar haɗe kamfanonin jiragen sama a Nijeriya, da tayin ritaya kafin lokaci da kan biyo bayanta.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan manomin Bakura da matuƙin jirgi, mutumin da albashinsa na wata ya fi ƙarfin amfanin gonar shekara? Ruwansa kuwa shi ne alhazan Zamfara sun daɗe suna tashi daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato, a jiragen kamfanoni irin su Kabo da Max Air, kuma tun 2024 gwamnatin jihar ta fara aikin filin jirgin Gusau. Ransa yana hannun wanda ke zaune a kujerar gaba.

Maganar haɗewa ba sabuwa ba ce. Hukumar AMCON mai karɓar basukan da suka gagari bankuna ta karɓi ragamar Aero Contractors a 2016, ta karɓi Arik a Fabrairun 2017, sannan a 2024 shugabanta ya fito ya ce ana tunanin haɗe kamfanonin biyu su zama ɗaya. Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Kamfani mai jirage uku ko huɗu ba ya jure tsadar mai da faɗuwar naira. Jirgi ɗaya ya tafi gyara, jadawalin mako ya wargaje. Ban ƙi haɗewa ba. Abin da na ƙi shi ne a tattauna bashin bankuna da darajar jirage dalla-dalla, a bar makomar ma'aikata zuwa ranar da aka riga aka sa hannu.

Domin a gane abin da matuƙi ke asara, sai an san yadda aikinsa yake. A manyan kamfanonin duniya, musamman na Amurka, kusan komai na matuƙi yana rataye ne a kan lambarsa a jerin daɗewa a aiki: yaushe zai tashi daga mataimaki ya zama kyaftin, wane jirgi zai tuƙa, wace hanya zai bi, wa za a fara sallama in kasuwa ta faɗi. Wannan lamba ba ta bin mutum zuwa wani kamfani. Kyaftin mai shekara ashirin da ya sauya wurin aiki yana iya komawa ƙarshen layi. Ita ce fadamarsa. Da kamfanin American ya sayi TWA a 2001, an jefa fiye da rabin matuƙan TWA can ƙasan jeri, sai ga harin 11 ga Satumba, aka fara rage ma'aikata daga ƙasa, su ne suka fara tafiya. Haɗewar US Airways da America West a 2005 kuwa ta haifar da rigimar jeri da ta raba ƙungiyar matuƙan gida biyu, aka shafe shekaru ana shari'a. A ƙarshen 2007 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar McCaskill da Bond, wadda ta wajabta haɗa jerin ma'aikata bisa adalci, in an kasa daidaitawa a je gaban mai sulhu.

Mu a nan ba mu da makamanciyarta. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 20, ta ce in za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiyarsu, kuma wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita. Amma sashe na 91 na wannan doka, inda aka fayyace wane ne "ma'aikaci", ya fitar da ƙwararru da masu aiki cikin jirgin sama daga ma'anar kalmar. Ke nan garkuwar matuƙi ita ce takardar ɗaukarsa aiki da ƙarfin ƙungiyarsa ta NAAPE. An ga iyakar wannan garkuwa a Agustan 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da Air Peace ya sallami matuƙa kusan 70, Bristow kuma ya sallami matuƙa da injiniyoyi kusan 100.

Sai tayin ritaya. A Hausance muna kiran abin da ake bayarwa "kuɗin sallama", kuma kalmar tana da daɗin ji domin tana ɗauke da wani tsohon tsari na mutunci. A kasuwa, in yaro ya daɗe yana yi wa ubangidansa hidima, akan sallame shi da jari, a haɗa shi da masu ba da kaya, ya buɗe nasa shago. Ubangidan da ya kori yaro hannu rabbana yakan sha kunya a idon 'yan kasuwa. Sallamar kamfani ta ari sunan, ta bar nauyin. Matuƙi mai shekara 55 da aka ce ya karɓi dunƙulen kuɗi ya tafi "bisa son ransa", alhali ƙa'idar duniya ta ba shi damar tuƙi har shekara 65, yana sayar da shekaru goma mafi tsoka a aikinsa. Kuma ba zai iya ajiye sana'ar ya dawo mata ba kamar tela. Izinin tuƙa kowane samfurin jirgi sai an riƙa sabunta shi da gwaji a na'urar kwaikwayon tuƙi, galibi a ƙasar waje kuma da dala, ga binciken lafiya a kai a kai. In babu kamfanin da ke biya, takardun su mutu a aljihu. Son rai kuma ya zama abin tambaya idan an riga an raɗa wa mutum cewa wanda ya ƙi tayin yau zai fita gobe ba ko sisi.

Ko an yarda da tayin, wa ya tabbatar za a biya? Tarihin Nigeria Airways ya isa amsa. Kamfanin ya daina tashi a 2003, aka rushe shi a 2004, ma'aikata wajen dubu shida suka shiga jiran haƙƙinsu. Gwamnatin 'Yar'aduwa ta biya wani kaso a 2008. Gwamnatin Buhari ta amince da naira biliyan 45, aka saki kusan rabi a 2018, shekara goma sha huɗu bayan rushewa, bayan da yawa daga masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. A 2004 dala ɗaya ba ta kai naira 140 ba. A 2024 ta haura 1,500. Wanda aka ƙiyasta masa haƙƙi da naira aka jinkirta biya, an zaftare masa shi ba tare da an taɓa ko lamba ɗaya a takarda ba. (Abin lura ne cewa garuruwan nan uku kowannensu ya fitar da gwamna, kuma a Nuwamban 2019 majalisar Zamfara ta soke dokar fanshon tsofaffin gwamnoni cikin 'yan kwanaki bayan wasiƙar neman naira miliyan 10 na wata-wata ta fito fili. Dokar ritaya tana saurin motsi idan ta shafi manya.)

Ƙasa ma tana asara. Kamfanonin Amurka sun sallami dubban tsofaffin matuƙa da tayin ritaya a 2020, ba a yi shekara biyu ba suka shiga soke tafiye-tafiye saboda ƙarancin matuƙa. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana yaye matasa, amma sabon matuƙi ba ya zama kyaftin sai ya tara dubban sa'o'i a gefen wanda ya san yadda hazon hunturu ke rufe Sakkwato da Kano. In aka tura tsofaffin gida, sai a ɗauko baƙi a biya su da dala, yaranmu kuma su zauna da takardun da iyayensu suka sayar da gonaki suka biya.

Ra'ayina shi ne kada hukumar NCAA da hukumar kula da gasar kasuwanci ta FCCPC su amince da haɗewar kowane kamfani sai an gabatar musu da jerin ma'aikata guda ɗaya da ƙungiyoyin ɓangarorin biyu suka sa wa hannu, ko wanda mai sulhu ya yanke. Kuɗin sallama kuma a zuba shi cikakke a asusun da ba na kamfanin ba kafin mutum ya ajiye aiki, a haɗa da kuɗin sabunta izinin tuƙinsa na aƙalla shekara biyu. Dokar gasar kasuwanci ta 2018 ta riga ta ba FCCPC ikon duba tasirin haɗewa a kan ayyukan yi. Sashe na 91 na Dokar Ƙwadago kuwa gyaransa yana hannun Majalisar Tarayya, inda Zamfara ta Yamma ke da sanata.